Gurbin Amshi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kiran salla a ƙaramin masallacin unguwarmu da ke Harra ta Yamma, kuma babu mutum ɗaya cikin masu bin sahu da ya san cewa uwar da ta haife ni zabiya ce. Hajiya Dumbulwa suka sani, tsohuwa mai carbi, mai sayar da kuka da daddawa a ɗakinta na bakin ƙofa. Haka nake so, haka kuma na tsara. A Madina ɗan zabiya yana iya ɗinki, kamar yadda nake yi, amma ban ga mai bar masa lasifikar masallaci ba, balle tun da ɗaliban jami'a 'yan Nijeriya suka cika mana sahun gaba suna auna kowane harafi da ya fito daga bakina. Babbansu, Malam Barau, sau biyu yana tare ni a bakin ƙofa, wai ina jan murya fiye da kima, kiran salla ba waƙa ba ne. Ran da ya san inda na gaji jan muryar nan, ran nan zan sauka.

Ana nan, a shekarar 1982, wani mutum ya faɗo mini shago. Suma a kansa kamar kwandon kaji, wando mai faɗin ƙafa, da wata baƙar jaka a kafaɗa. Ya yi sallama da Hausar Zariya, ya ce sunansa Badaru, ya zo Umra ne daga Alƙahira.

"Azhar kake karatu?" na tambaye shi, ina ƙoƙarin kyautata zato.

"A'a, Malam Lawali. Babbar makarantar kiɗa da waƙa. Digiri na biyu nake yi, majistir."

Na ɗaga ƙafata daga keken ɗinki na dube shi da kyau. Wato akwai gwamnatin da za ta ɗauki ƙato kamar wannan ta sa shi a jirgi, ta tura shi Masar, don ya koyo abin da makaɗan ƙauyenmu ke yi a kan dami ɗaya na gero. Har da digiri na biyu, kamar na farkon bai isa abin kunya ba.

Bai lura da fuskata ba, ko kuma ya lura ya share. Ya ce bincikensa a kan waƙoƙin mahajjatan ƙasa ne, waɗanda suka tako daga ƙasar Hausa zuwa Makka da ƙafa. Shekara uku yana tattara baitoci a takarda, malamansa suka ce takarda ba ta isa ba, sai ya kawo muryar wanda ya yi tafiyar da kansa, in ba haka ba a ƙarshen shekarar nan za su rufe masa fayil. A Wad Madani ta ƙasar Sudan ya samu wata tsohuwa da haƙoranta suka zube, wadda ta ce masa, "Ni 'yar amshi ce kawai. Mai waƙar ita ce Dumbulwa ta Tsibiri, in tana da rai tana Madina."

Na leƙa waje in ga ko wani ya ji.

"Babu wata Dumbulwa ta Tsibiri a nan," na ce. "Akwai Hajiya, uwar ladan, ta tuba tun kafin a haife ka. Ka yi ziyararka ka koma inda ka fito. In na gan ka a ƙofar gidana, wallahi sai na kira maka shurɗa, 'yan sandan garin nan."

"Malam, rabin awa kawai nake nema."

"Halas, magana ta ƙare. Fita."

Ya fita. Na zaci maganar ta mutu ke nan, don ni a sanina mai kunya sau ɗaya ake korarsa.

Kwana uku bayan haka na dawo gida cin abinci bayan Azahar, sai na ga wasu takalma masu tsinin baki a ƙofar ɗakin Inna. Ashe ya bi ta hannun masu sayen daddawa ya gano gidan, ya zo da goro da turare, ya durƙusa ya gaishe ta da sunan tsohuwar Wad Madani. Inna kuwa da ta ji sunan sai ta ce a shimfiɗa masa tabarma.

Na tsaya a bayan labule. Ta gefen labulen na hango rakodarsa a tsakiyar ɗaki, kaset yana juyawa. Inna ta kifa ƙwaryar da take auna kuka da ita a kan cinyarta. 'Yata Sa'adiya tana zaune a gefe ta saki baki.

"Ke, zo ki amsa mini," in ji Inna.

"Ma a'rif, ya sitti," in ji Sa'adiya, wato ba ta iya ba. Haihuwar Madina ce, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take mayarwa.

"To ni ba na waƙa ni kaɗai kamar mahaukaciya. Wa zai amsa?"

"Ni zan amsa, Hajiya," in ji Badaru da sauri. "Na rubuta amshin tun a Sudan."

Ya buɗe wani littafi cike da layuka biyar-biyar da ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda, wai rubutun kiɗa ne. Niyyata in ɗaga labulen in yi waje da shi da rakodar. Sai Inna ta buga ƙwaryar, ƙafata ta ƙi ɗaguwa.

Waƙar hanya ce. Mun baro Tsibiri ina ɗan shekara shida, muka iso Hijaz ina da goma sha uku. Mata huɗu ke yi wa Inna amshi da farko. Ɗaya ta rasu kafin mu fita ƙasar Cadi, biyu suka yi aure a hanya, ta ƙarshe ta tsaya tsinkar auduga a Sudan. Daga nan sai ya zama ni ne 'yan amshinta gaba ɗaya. Da muka shigo Madina ta ga kubbar masallacin Manzo, ta ce ta ajiye waƙa, ba ta kuma sake ba sai yau.

Muryarta ta tsufa, amma ba ta karkace ba.

"Rana ta take, ƙafa ta kumbura, garin Manzo yana gaba..."

Badaru yana buga ƙafa a ƙasa yana ƙirga. Ya jira ta rufe baki tsaf, ya bar ɗan sarari, sannan ya shigo da muryarsa mai santsi: "Mu je, mu je, ba a nan za mu kwana ba."

Inna ta ɗora tafinta a kan ƙwaryar.

"Ɗan nan, me kake jira?"

"Ki ƙare layinki, Hajiya. Amshin yana shiga ne a bugu na gaba."

"Wa ya gaya maka? In ka bari na ƙare, da wace iska zan ɗauko na gaba? A bakina za ka karɓe kalmar, tun ban sauke ta ba. Don in huta aka yi amshi."

Suka sake. Ya sake jira. Suka yi na uku, wannan karon ya yi gaggawa ya faɗo mata tun a tsakiyar layi, ya tattake maganar. Inna ta fara haki. Mai digiri ya duƙufa a kan littafinsa yana goge ɗigo yana sa wani, yana cewa lallai akwai kuskure a yadda ya raba bugun. Shekara uku a Alƙahira, ga malamai, ga littattafai, amma abin da yaro mai kaikayin ƙafa ya iya a bayan jaki ya gagare shi. Haushi ya turnuƙe ni har na manta abin da ya kawo ni bakin labulen.

A karo na huɗu, Inna ta kai "yana gaba," numfashinta na shirin yankewa, shi kuwa yana can yana ƙirga da ƙafa.

"Ba haka ba ne, kai jaki!" na daka masa tsawa, na banko labulen. Kafin in san me nake yi bakina ya riga ya karɓe: "Mu je, mu je, ba a nan za mu kwana ba."

Inna ba ta ko ɗago ta dube ni ba. Ta ja iska, ta ɗora layi na gaba a kan wutsiyar nawa, kamar jiya muka bari. Ta ja, na karɓa. Ta ambaci rijiyar da muka samu ta ƙafe, da Hajo 'yar amshinta da muka binne a gindin aduwa, da jirgin ruwan da ya yi kwana tara da mu a teku. Ina tsaye da almakashi a aljihun gaba, ladan guda, ina amsa wa zabiya da dukan muryata.

Sai ta zo kan layin da na manta da shi.

Ni ɗan fari ne, kuma Inna mutuniyar zamanin da ce. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake, ko "wannan," in tana ba da labarina kuma "mai ɗinkin nan." Wuri ɗaya tak take karya wannan kunya, a cikin waƙar nan, lokacin da barci ke ɗaukata ina tafe.

"Lawali, ɗan raƙumina, buɗe ido, an kusa..."

Na amsa. Rabona da jin sunana a bakinta shekara talatin da biyu.

Ƙarar da rakodar ta yi da kaset ya kai ƙarshe ita ta dawo da ni hayyacina. Badaru yana zaune hawaye na bin kumatunsa, yana cewa, "Shi ke nan, na samu. Wallahi na samu. Ashe hawa kan juna suke yi."

"Ba ni kaset ɗin," na ce.

Ya rungume rakodar a ƙirji. "Malam Lawali, don girman Allah. Malamai biyar ne kawai za su ji, a ɗaki a rufe. Ba zan rubuta sunanka ba."

"Sunana? Sau biyar a rana unguwar nan take jin muryata. Ka taɓa ganin kaset ɗin da ya zauna wuri ɗaya? Wani zai ara, wani zai kwafa, hajji mai zuwa a dawo mini da shi Madina ana sayarwa a bakin Harami."

"Shekara uku na rayuwata ne a ciki."

"Ni talatin ne."

"Muryar mahaifiyarka ce fa," ya ce, muryarsa ta tashi. "Kai ne kake jin kunyarta, ni ban ji ba. Ni na bi ta ƙasa uku ina nemanta. Kai kana gida ɗaya da ita ka rufe mata baki kamar ka ɓoye kayan sata."

Maganar ta shige ni. Na fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Na murɗe hannunsa, na danna maɓallin, na zare kaset ɗin. Sa'adiya tana ihu, "Haram alaik, ya abuya!" Na zaro zaren na yi ta ja har ya taru a ƙasa kamar hanjin kaza, na fito da almakashina na bi shi gunduwa-gunduwa. Badaru ya durƙusa yana tattara guntayen, ko me zai yi da su oho.

"Hajiya," ya ce, "ko za mu sake? Ina da wani kaset ɗin."

Inna ta dube shi, sannan ta dube ni. Na ɗauka za ta zage ni, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Sai ta juya ƙwaryarta ta mayar cikin buhun kuka.

"Kai," ta ce mini, "tafi, La'asar ta yi."

Na tafi na kira salla. Muryata a bushe ta fito, gajere-gajere. Bayan an sallame Malam Barau ya kama hannuna yana murmushi, ya ce yau kam na yi kiran salla irin na sunna, in dage a haka.

Inna ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Wata huɗu bayan nan ta kwanta zazzaɓi na kwana biyar, muka kai ta maƙabartar Baƙi'a. Har ta cika "kai" take ce mini.

Bayan shekara guda wani mahajjaci ya kawo mini ambulan daga Zariya. Wasiƙar gajera ce, babu ko gaisuwar kirki. Badaru ya ce an rufe masa fayil, ya koma gida yana koyarwa a wata kwalejin horon malamai, kuma ya ji rasuwar Hajiya, Allah ya jiƙanta. Ya ce ga abin da ya iya riƙewa da ka daga waƙar, ya ga ni ya fi cancanta in ajiye. Amshin kuwa bai rubuta ba, tunda an shaida masa a gaban mutane cewa bai iya ba.

Takarda huɗu ce, cike da layukan nan biyar-biyar da ɗige-ɗigensu. A ƙarƙashinsu ya rubuta kalmomin Inna da ajami, bayan kowane layi kuma ya bar fili fari. A shafi na uku na ga sunana.

Har gobe ina jin haushin mutumin nan. Da bai zo ba da ban san na yi asarar komai ba. Na kai takardun wurin wani Bamisire mai gyaran rediyo a Al-Azizya da aka ce ya taɓa karatun irin wannan, na ce masa wani ne ya ba ni ajiya. Ya duba, ya yi mini gunaguninsu da hanci. Karin ya yi kama, amma ba ita ba ce, ko kusa.

Suna nan a aljihun keken ɗinkina, ƙarƙashin zare. Wani lokaci in shago ba kowa nakan fito da su in bi filayen da yatsa. Na san abin da ke shiga kowane gurbi, na san daidai inda ake karɓa, sai dai babu mai ja mini. Lasifikar masallaci kuwa tana hannuna har yau, ba wanda ya ƙwace.