Kunun Alhaji Munkaila

Alhaji Munkaila na Malbaza mutum ne da tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki. Manyan motocinsa huɗu ke jigilar siminti zuwa Yamai da Tawa. A zaɓen 2004 wasu ƙauyuka da ke tsakanin Malbaza da Illela suka zaɓe shi kansila, ba don ya iya magana ba, sai don sun ce wanda ya ƙoshi haka ba zai ci nasu ba.

Shekara na zagayowa gwiwoyinsa suka ƙi ɗaukarsa, numfashi ya soma yi masa gardama, ga ciwon suga. Likita a Yamai ya ce ko dai a rage cikin, ko cikin ya rage kwanansa. Sai ya tafi Tunis a ɓoye, ya ce wa mutane kayan gyaran mota zai dubo. A can aka yi masa aiki, aka mai da tumbin da ke cinye rabin rago kamar kofin shayi. Aka ba shi takarda: mako huɗu ba abin taunawa, sai romo tatacce, da kunu mai ruwa-ruwa, da nono, cokali bayan cokali. Matarsa Ikilima kaɗai ta san zancen.

Ya dawo a tsakiyar daminar 2005, shekarar da fari da fara suka bar rumbuna wayam, mutanen karkara suna dafa 'ya'yan anza masu ɗaci da ganyen tafasa.

Makon farko ya sha wuya. Ikilima kan dafa kaza, ta tace romon a rariya, ta kawo masa ruwan, naman kuma ya bi ta gabansa ya wuce.

"Hajiya, ba ni ƙashin nan in tsotsa kawai."

"Alhaji, takarda ba ta ce tsotsa ba."

"Takarda ce mijinki ko ni?"

Ran da ya faki idonta ya haɗiye lomar tuwo ɗaya, sai da ya wuni yana murƙususu a kan tabarma yana kiran sunan Allah. Daga nan bai ƙara ba. In motarsa za ta bi ta gaban masu tsire a Ƙonni, gilashi yake sa a rufe, ya kau da kai.

A mako na uku kansiloli suka fita rangadin ganin halin da ƙauyuka ke ciki. A wani gari, maigari Baba Rabo ya sa aka yanka akuyar da ta rage masa, don kada a ce manya sun zo sun tafi baki bushe. Aka dire tire a gindin itacen bedi. Abokin aikinsa Tanimun ya naɗe hannun riga tun ba a yi bisimilla ba. Jama'ar gari na tsaye nesa kaɗan suna kallo.

Munkaila ya dubi hantar da aka gasa, mai na naso a jikinta. Kwana goma sha bakwai haƙoransa ba su yi aiki ba. Bai san sa'ad da hawaye suka zubo masa ba.

"Ranka ya daɗe, sa hannu mana," in ji Baba Rabo.

"Baba, ba ni iyawa. Wallahi ba ni iyawa. In akwai kunu, a ba ni kaɗan."

Aka kawo kunun da ya fi kama da ruwan wankin gero. Ya sha ludayi ɗaya a hankali, ya ture ƙwaryar, don cikin ya cika. Wata tsohuwa ta fashe da kuka. Zaidu, ma'aikacin wani ƙaramin gidan rediyo da ya biyo tawagar, ya matso da rakodarsa.

Kashegari rediyo ya sanar cewa an sami kansilan da ya haramta wa kansa nama da tuwo sai ran da talaka ya ƙoshi. Munkaila ya so ya ƙaryata, amma ƙaryatawar na nufin faɗin abin da ya kai shi Tunis. Sai ya ƙyale zancen ya ci gaba da yawo. Jikinsa kuwa ya shiga ba da shaida: wuya ya fito, babbar riga ta koma kamar an rataye ta a ƙusa. A masallaci har ana rububin gaisawa da shi.

Tanimun ya same shi a buro, wato ofis, ransa a ɓace. "Kai dai ka cuce mu. Jiya a bayan mota na ci kaza, a tsugune, kamar ɓarawo. Ko'ina muka je sai a ce mu yi koyi da kai."

Ana nan sai ga yayarsa Tsahara daga Tajaye. Ta ji labari a rediyo, ta zo ta gani da idonta. Ta zauna ta zuba masa ido yana shan kunu, ya kurɓa, ya dubi agogo, ya sake kurɓa, ya ajiye saura.

"Munkaila, ni na goye ka. Wata uku ke nan ina kwana da yunwa, na san ta kamar tafin hannuna. Mai yunwa ba ya duban agogo, kuma ba ya rage kunu. Ɗaga rigarka."

"Haba Yaya…"

"Ɗaga, na ce."

Ya ɗaga. Ta ga tabon ɗinki. Ikilima ta faɗa mata sauran. Tsahara ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi.

"Har ƙasar Larabawa ka tafi a rage maka ciki? Da Tajaye ka zo, wata guda ya ishe ka, ba wuƙa ba allura."

"Yaya, don Allah ki rufa mini asiri."

"Zan rufa. Amma bakina ba ya rufuwa sai da hatsi a ciki. Motocinka in sun sauke siminti ai wayam suke dawowa. Guda ta biya ta kasuwar Ƙonni, ta ɗauko masara, ta sauke a Tajaye."

Motar ta tafi. Bayan mako biyu Tsahara ta aiko cewa bakin ya fara buɗewa, wata motar ta sake tafiya. Zaidu ya sa wannan ma a rediyo.

Tuni dai mako huɗu suka cika, takarda ta yarda ya ci abu mai laushi, amma gari bai yarda ba. Duk suna ko ɗaurin auren da ya je, kafin ya zauna an kawo masa kunu a ƙwarya ta musamman, ana cewa kada a karya wa bawan Allah alkawari. Sai ya koma gida Ikilima ta rufe ƙofa ta ba shi dafaffen ƙwai, ya ci rabi ya ƙoshi.

Da kaka ta yi, gero ya shigo gida, ƙauyuka bakwai suka haɗu suka gasa masa rago sukutum don ya buɗe baki. Maroƙa suka yi ta kirari, aka ajiye ragon a gabansa. Ya yanki tsoka kamar kan yatsa, ya tauna ta sau talatin yadda likita ya koya masa. Ya ƙara ta biyu. A ta uku zufa ta keto masa, ya wanke hannu.

Baba Rabo ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce wa jama'a, "Kun gani? Saboda mu ya manta yadda ake ci."

Tanimun ya jawo tiren gabansa, ya ce tunda alkawari ya cika, ai su ma yanzu an sake su.