Tsutsar Haƙorin Mama Hannah

Wani mai maganin gargajiya ya zuba wasu 'ya'yan itace a garwashi, ya kifa mazurari a kai, ya ce Mama Hannah ta buɗe baki hayaƙin ya shiga. Da ta kuskure baki ta tofar a faranti, sai ga wasu fararen abubuwa sirara suna yawo a ruwan.

"Kin gan su? Bakwai," in ji shi. "Su ke cin haƙorin."

'Yarta Perpetual na tsaye a gefe, nan bakin kasuwar Jikwoyi, gajiya ta hana ta ko yin tsaki. Shekararta uku tana karatun likitan haƙori, ta san tsiron 'ya'yan itacen ne zafi ya fasa. Kuncin Mama kuwa tun Laraba ya kumbura, ya yi tauri, har yana sheƙi.

*

A gida ta zaunar da ita. "Mama, babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne, ido ba ya ganin su. Suna cin zaƙin da ya maƙale a baki, su fitar da tsami, tsamin ya huda haƙori. Yanzu sun kai saiwa, sun tara mugunya. Mu je asibiti yau."

Mama ta shekara ashirin tana gasa masara a bakin titi, ba ta cinikin biri a sama. Ta dafe kunci ta dube ta.

"Ke kin gan su da ido naki?"

Perpetual ta tuna makarantarsu. Su tamanin ne a aji, madubin duba ƙwayoyin cuta kuwa biyu. Ɗaya ya lalace tun kafin ta shiga makarantar. Ɗayan yana kulle a kabad ɗin ogan makarantar, sai ranar da masu duba makaranta za su zo ake fito da shi a goge masa ƙura. Duk ƙwayoyin da ta haddace sunayensu, a takardar malam ta san su, ɗigo-ɗigo baƙi kamar kashin ƙuda.

"Ban gani ba tukuna, amma..."

"To ni na ga nawa. Gani ya kori ji."

Kunya ta rufe Perpetual, haushi ya biyo baya. Ba ta ma san wa za ta ji haushi ba. Asibitin kuwa Mama ta ƙi zuwa.

*

Ranar Litinin ta zauna jarrabawa. Tambaya ta uku ta ce a bayyana yadda ciwon haƙorin ƙasa ke gangarowa ƙarƙashin haɓa har ya toshe maƙogwaro. Ta cika shafi biyu ba ta ɗaga kai ba. Malam da kansa ba zai fi ta tsara shi ba.

Cunkoson motocin Nyanya ya riƙe ta har la'asar. Ta tarar da Mama zaune jingine da bango, kwanciya ta gagara. Kumburin ya sauko wuya, yawu na dalala, numfashi na fita da ƙara. Kokon da maƙwabciya ta dama mata ya huce a kofi, don ko bakin cokali ba ya shiga tsakanin haƙoranta.

Perpetual ta fita da gudu ta tsayar da mai keke napep, ta dawo ta ciccibe ta. Suna zama Mama ta damƙe mata hannu, ta matso magana ta cikin haƙora.

"Ba asibiti ba. Kai ni wurin mai maganin. Ya bar guda ɗaya a ciki."

Mai keken ya waiwayo, injin na ta kaɗawa.

"Madam, ina muka nufa?"