Kazar Shaida

Kaza ɗaya ce ta rage mini, wata baƙa mai tafiyar ƙasaita da muke kira Gimbiya. Sauran duk tsutsar ciki ta gama da su, ina tsaye ina ɗura musu maganin da aka rubuta a jikin kwalbarsa cewa yana kashe kowace irin tsutsa. Na yarda da rubutun, har maƙwabta na sa suka saya.

Da masu kiwo suka haɗu suka maka kamfanin da ya yi maganin a kotu, ƙanena ya sa ni a ciki. Lauya ya zo har gida yana ɗage ƙafar wando don kada kashin kaji ya taɓa shi, alhali akurkin fes yake, masu kashin sun tafi.

"Ina waɗanda suka mutun?" ya tambaye ni.

"Mun binne. Wa ke ajiye mushen kaza?"

Haka kowannenmu ya yi. Mai kiwo in kaza ta mutu, sai rami da toka tun kafin ta huce. Kamfanin kuwa ya kafe cewa wata cuta ce daban ta kashe su. Lauyan ya bi Gimbiya da kallo tana tonon ƙasa.

"Ita ma ta sha?"

"Har yau tana sha."

"To, shaidarmu a cikinta take."

Likitan dabbobi ya ce gwajin kashinta ma ya isa. Lauya ya ce alƙali sai ya gani da ido. Ƙanena ya ce, "Yaya, kaza ce fa." Ban yi musu ba, ba ni da ƙarfinsa. Ni na riƙe mata fikafikai aka yanka ta. Likita ya kwashe tsutsotsin ya zuba a wata kwalba, ya ce, "Ayya, ashe ta kusa komawa yin ƙwai." Na ce to.

A kotu kwalbar na kan tebur, fanka na juyawa, ana ta magana a kan kalmomi. Daga ƙarshe aka umarci kamfanin ya sauya rubutunsa. Ƙanena ya ce mun yi nasara. Na laluba cikin raina ban sami komai ba, ko haushi.

Za mu fita magatakarda ya miƙo mini kwalbar a leda. "Kayanki ne. Ba ma riƙe shaida bayan hukunci."

Bayan wani lokaci na ga maganin a shagon bakin titi, ruwan ɗorawa kamar da, an manna masa sabuwar takarda: yana taimaka wa lafiyar ciki. Wata mata na sayen biyu. Na wuce.

Kwalbar tsutsotsin tana bisa kantar ɗakina, inda nake jera ƙwai a da. Jiya ƙanena ya gan ta, ya yatsine fuska.

"Haba Yaya, ki zubar da ƙazantar nan mana."

"Bar ta," na ce. "Abin da ya rage mini na Gimbiya ke nan."