Tafasa Ba Dahuwa Ba Ce

Bayan rasuwar matarsa, yayana ya dawo gidana da zama. Haƙora uku suka rage masa, su ma ba sa ga maciji da juna: ɗaya a sama, biyu can gefe a ƙasa. Ba a jima ba ya fara ramewa, rigarsa ta koma kamar an rataye ta a ƙusa. Matata ta ce kewa ce. Ɗana ya ce gobe a kai shi asibiti a kwantar. Yaya kuwa ba abin da yake tsoro kamar asibiti, don can matarsa ta shiga ba ta fito ba.

Ni kyanwar gidan ce ta tsaya mini a rai. Mutum yana ramewa, kyanwa tana ƙiba, kuma kullum tana gindin tagarsa. Na tsufa ina tuƙa babbar mota. In kaya ya ragu a baya, akwai inda yake zuba.

Da aka kai masa abincin rana sai na laɓe. Ya ɗauki tsoka ya yi ta juya ta a baki kamar mai tsotsar dutse, da ya gaji ya wurga ta taga. Waken ma ya ture shi gefe, ya shanye romon.

Na ɗauki kwanon sai kicin. Matar ɗana tana ciki, jaka a kafaɗa, za ta koma wurin aiki.

"Ke 'yata, an dafa naman nan?"

"Baba, sai da ya tafasa. Da kunnena na ji."

"Da kunne ake ci? Tafasa ai surutun tukunya ne. Ko dutse kika jefa, ruwa zai yi ƙara. Dahuwa ita ce nama ya sallama, ki taɓa shi da cokali ya rabu!"

Matata ta leƙo. "To sarkin girki, mu ba mu ci ba? Wa ya mutu?"

"Ku da haƙoranku kamar na jaki! Gida cike da mutane, ba wanda ya dubi bakin tsohon nan. Za ku kai shi a sa masa ruwa a jijiya, alhali yunwa ce ke cinsa a gaban kwano!"

Yarinyar ta ajiye jakar. "Wallahi, Baba, tsohon bai taɓa faɗa ba."

"Zai faɗa? Mutumin da yake ganin alfarma ake masa?"

Na naɗe hannun riga, na mayar da naman tukunya, na rage wuta, na rufe. Matata tana ta tsiya wai na cika mata kicin. Duk wanda ya miƙa hannu ga murfin sai na buge shi. Sai da la'asar ta yi na sauke.

Yaya ya ci, ya suɗe kwanon, ya miƙo a ƙara. Ɗana yana tsaye a ƙofa, bai sake ambatar asibiti ba.

"Kai direba," in ji Yaya, "gishirinka ya yi kaɗan."

"Ci ka yi shiru."

Kyanwa tana gindin taga tana jira. Ba ta samu ko ƙashi ba.