Inda Harsashin Zai Tsaya

Tasi na ƙofar gida, direba ya yi hon har ya gaji, da na tsallaka shingen da ke tsakanina da maƙwabcina Desmond. Na same shi a garejinsa gaban kwamfuta, da silifas. 'Yarsa Bronwyn na tsaye kansa riƙe da fasfo.

"Anti Maureen, ki yi masa magana. Jirgin Amurka ba zai jira mu ba."

Ƙari ne a ƙwaƙwalwarsa, manne da jijiyar gani. Maganin sai a waje: injin da ke harba ƙwayoyin zarra cikin kai. Abin haushin, a kan binciken wannan fannin ya ƙarar da shekarun aikinsa a jami'a nan garinmu Wollongong.

"Malama, zauna," ya ce. "Ƙwayar nan kamar harsashi take a cikin ruwa. Duk ilektiron, ɗan ƙwayar lantarki, da ta gifta sai ya ɗan rage mata ƙarfi, har ta tsaya ta zubar da sauran ƙarfin wuri guda. Kan mutum kuwa kusan ruwa ne. Lissafin da kowa ya yarda da shi, ni tun ina da gashi nake shakkarsa. In ta zarce da kaurin farce, na makance."

"Baba, likitoci sun san da wannan. Suna barin tazara."

"Ni na koyar da rabinsu. Na san yadda suka ci jarrabawa."

Kwamfutar na ta harba ƙwayoyin ƙarya cikin ruwan ƙarya, wai sai ta gama zai san gaskiya. Ni ba na cikin masu cewa likita ba ya kuskure, na binne miji. Amma na koyar da yara da yawa, na san fuskar mai neman hanyar zillewa.

"Farfesa, in ta ce lissafinsu daidai ne, za ka tafi?"

Ya dubi bishiyar lemonsa ta taga. 

Bronwyn ta ajiye fasfon a hankali, ta fita ta sallami direba.

Daga nan jiki ya yi ta ja baya. Kullum da hantsi nakan kai masa miyar kabewa, ya ce gishiri ya yi yawa, ya shanye. Idonsa dai garau. Ran wata Talata da la'asar ya cika a kujerar baranda, yana fuskantar teku.

Bayan jana'iza Bronwyn ta kira ni garejin. Kwamfutar ta gama. A fuskarta wani layi ya miƙe, ya yi tsini, ya faɗo.

"Kin iya karanta wannan?"

"Tarihi na koyar, 'yata. Amma ɗalibansa za su iya. A kira ɗaya?"

Ta daɗe tana kallon tsinin nan. In ya nuna Desmond ya yi gaskiya, da sauƙi. In kuwa likitoci ne?

"A'a," ta ce.

Ta sunkuya ta zare wayar daga bango. Muka tsaya muna jin fankar cikin injin tana rage gudu.