Waƙar da Aka Ajiye Don Ƙarshe

Allah Maɗaukakin Sarki Yana yanka wa kowane al'amari wa'adinsa, kuma wa'adin da Ya yanka wa ƙungiyar mawaƙa ta Saltend Pigeons gajere ne. Su uku ne, dukansu 'yan birnin Hull na ƙasar Ingila: Lorne mai rera waƙa da kaɗa jita, Bryony mai babbar jita mai kaurin amo, sai Keiron Tasker mai ganguna. Faifai ɗaya suka fitar. A cikinsa akwai waƙa guda da gidajen rediyo suka riƙe tsawon wata bazara, wadda jama'a ke kira Waƙar Gada. Sauran waƙoƙin kuwa babu wanda ya iya kawo ko amshinsu.

Ranar da kamfanin faifai ya ɗauke su, Keiron ya ajiye aikinsa a masana'antar ƙera ɗakunan da ake ja da mota. Shugaban sashensu bai yi fushi ba. Cewa kawai ya yi, "Safar hannunka tana cikin durowa, ɗana. Ba zan ba kowa ba." Tun daga ranar Keiron ya daina bin titin masana'antar.

Da aka zo batun faifai na biyu sai kamfanin ya fara jan ƙafa. Wakilinsa, Mista Hallam, ya ce zai zo bikin kiɗa da ake yi a wata gona a yankin Lincolnshire, ya ga da idonsa yadda jama'a ke karɓarsu, sannan ya yanke hukunci. Keiron ya san ma'anar wannan: idan mutumin bai gamsu ba, ƙungiya ta watse, shi kuma sai durowa.

A cikin tsohuwar motarsu, suna hanyar zuwa bikin, Keiron ya ce, "Mu buɗe da Gada kawai, hankalinmu ya kwanta."

Lorne ya waiwayo daga kujerar gaba. "Ku ji min mai ganga yana tsara waƙa! Kai dai ka bugi abin da aka ce ka buga, malam."

"Da tsakar rana za mu hau fa," in ji Bryony, tana tuƙi. "Rabin mutanen ko shayin safe ba su sha ba."

Lorne ya ce, "Mu ba 'yan waƙa ɗaya ba ne. In suna son ta, su roƙa."

"To, ranka ya daɗe, sarkin mawaƙan Hull da kewaye," in ji Bryony.

Al'adar masu wannan sana'a ce su yi kamar sun gama, su sauka su laɓe a bayan dandamali, har jama'a su yi ta kiran su dawo. A komawar nan ne ake kawo waƙar da aka fi ƙauna. A ƙaramin zauren da suka saba wasa a gida haka suke yi, kuma bai taɓa ƙin ci ba. Keiron ya jingina kansa da gilashi.

Sun hau ana yayyafi. Mutanen da suka taru ba su da yawa, suna tsaye cikin laka da rigunan ruwa, wasu riƙe da soyayyen dankali a takarda. Can gefe Keiron ya hango Mista Hallam ƙarƙashin lema. Suka yi waƙa ta farko, suka yi ta biyu. Duk lokacin da suka tsagaita, wani dattijo mai jar hula sai ya ɗaga murya: "Gada! Ku yi mana Gada!"

"Haƙuri, baba," in ji Lorne ta makirfo, yana murmushi. "Ba gudu za mu yi ba."

Keiron yana ta bugu, hannuwansa suna aikinsu ba tare da sun nemi shawararsa ba. Yana kallon wasu daga baya suna juyawa zuwa rumfunan abinci.

Da suka kai inda suka shirya tsayawa, Lorne ya ɗaga hannu, ya yi godiya, ya jingine jitarsa a tsaye, alamar zai dawo gare ta. Suka sauka suka tsaya bayan tamfol. An yi tafi daidai gwargwado. Muryar mai jar hula ta taso, wasu kaɗan suka taya shi.

"Kun ji ko?" in ji Lorne. "Mu bar su su ɗan wahala."

Suna nan tsaye sai wani ma'aikaci ya wuce ta gabansu ɗauke da babbar gangar Keiron. Wani ya biyo shi yana naɗe waya. Lasifikokin filin suka kama wani kiɗa dabam.

Lorne ya tari matar da ke kula da dandamali. "Baiwar Allah, ai ba mu gama ba! Saura ɗaya."

"Kun gama, ɗana," ta ce, ba ta ko tsaya ba. "Kun yi sallama, kun sauka. Komawa ta masu rufe taro ce. Ga na bayanku can suna jira."

"Minti kaɗan ne fa!"

"Ka matsa, za a wuce da kaya."

Keiron ya leƙa ta tsagar tamfol. Mai jar hula ya riga ya juya baya. Ya jira fushi ya zo masa, ko baƙin ciki, bai ji ko ɗaya ba. Sanyin rigarsa da ta jiƙe kawai yake ji.

Mista Hallam ya same su suna loda mota. Ya gaisa da kowa cikin ladabi, sannan ya ce, "Ina waƙar?"

Bryony ce ta amsa: "Mun ajiye ta don ƙarshe."

Mutumin ya gyaɗa kai a hankali, ya ce za su ji daga gare shi, ya tafi yana tsallake laka. Ba su sake ji daga gare shi ba.

Da yamma, a hanyar komawa gida, suka hau gadar kogin Humber, ita ce wadda aka yi waƙar dominta. Ruwan da ke ƙasa launin ƙasa, sama launin toka. Ba su yi taro sun ce sun rabu ba; ranar gwajin waƙa ce ta zo, babu wanda ya kira wani, ta mako mai zuwa ma haka. Abin da Allah Ya ƙaddara ƙarewarsa ba ya bukatar sanarwa.

Wata Litinin da safe Keiron ya bi titin masana'antar. Shugaban sashe ya dube shi, bai tambaye shi komai ba, ya jawo durowa. Safar tana nan, ta ɗan bushe, har yanzu da siffar yatsunsa.

Wajen hantsi rediyon da ke rataye a bango ya saki Waƙar Gada. Wanda ke aiki kusa da shi ya ɗago kai.

"Kai, Tasker! Ba ku ba ne wannan?"

"Mu ne."

"Wallahi tana da daɗi. Yaushe za ku sake wasa, mu zo?"

"Miƙo min wancan katakon," in ji Keiron.