Reshen da Ya Leƙa Gonar Quintino

Tun da cutar nan ta shigo yankin Salento na kudancin Italiya, itatuwan zaitun na Oronzo suke bushewa ɗaya bayan ɗaya, kamar an bi su da wuta. Ƙwayar cuta ce ke toshe jijiyar itace har ruwa ya kasa hawa. Amma leƙa bayan katangar dutse ka ga gonar ƙaninsa Quintino, kore shar! Wata Dakta masaniyar tsirrai daga jami'a ce ta zaɓe ta don gwaji. Sai a huda gindin itace, a ɗura masa wani furotin mai kashe ƙwayar.

Abin ya tsaya wa Oronzo a maƙogwaro. Quintino fa! Mutumin da ko datse reshe bai iya ba sai da shi ya koya masa. Hassada ta hana shi jin daɗin taliyar matarsa, ta hana shi zama a dandali, don kowa zancen gonar Quintino yake yi.

"Yaya, in yi maka magana da Dakta?" in ji Quintino ta kan katanga.

"Riƙe allurarka, malamin jami'a. Ni ban iya roƙo ba."

Itace ɗaya ya rage masa mai sauran numfashi, babban nan da kakansu ya dasa a jikin katanga, wanda man farkon kaka na gidansu ke fitowa daga gare shi. Da bazara sai ga tsohon ya yi toho. To amma ina? A reshen da ya miƙa cikin gonar Quintino kaɗai.

"Kai ma?" Oronzo ya ce da itacen. "Ina nan tsaye, shi za ka yi wa 'ya'ya?"

Ya ɗauko zarto mai inji. Quintino ya taho da gudu yana ihu, ƙarar inji ta haɗiye muryarsa, itacen ya zo ƙasa rim.

Sai a lokacin Oronzo ya ga ɓangaren gindin da katanga ta ɓoye. Ƙananan ramukan allura ne a jere, kowane an toshe shi da kakin zuma.

Quintino ya durƙusa yana shafa su.

"Na roƙi Dakta ta cire ɗaya daga itatuwana a gwajin ta sa wannan," ya ce, hawaye na zuba. "Yaya, ya fara warkewa."